Ɗigo Biyu a Hanci: Abin da Indiyawa Suka Gada da Abin da Ake Tallatawa



Sharhinmu na yau zai kai mu ƙasar Indiya, inda za mu duba wata ƙaramar al'ada ta kula da lafiya wadda ta daɗe a can, wadda kuma a 'yan shekarun nan ta fito daga littattafan masu maganin gargajiya ta shiga takardun gwamnati, ta shiga tallan talabijin, har ta fara iso mana ta wayoyin da ke hannunmu. Al'adar ita ce mutum ya ɗiga mai ɗigo biyu a kowace kafar hancinsa, safe da yamma, yana lafiyarsa ƙalau, da niyyar tare ciwo tun kafin ya zo.

Tsarin maganin gargajiya mafi girma a Indiya shi ne wanda suke kira Ayurveda. Ya bambanta da namu ta fuska ɗaya muhimmiya: a rubuce yake. Akwai manyan littattafai uku da ake komawa gare su har gobe. Akwai na Charaka, wanda ya kai kimanin shekara dubu biyu. Akwai na Sushruta, wanda ya fi shahara a fannin fiɗa. Sai na Vagbhata, mai suna Ashtanga Hridaya, wanda aka rubuta wajen ƙarni na 7 miladiyya, kuma shi ne masu magani na jihar Kerala da ke kudancin ƙasar suka fi riƙewa. Dukkan ukun sun yi magana a kan sa magani ta hanci, abin da suke kira nasya. A fahimtarsu, hanci shi ne mashigar da ke kaiwa ga kai, don haka duk ciwon da ke daga wuya zuwa sama, ta nan ya fi dacewa a bi masa.

Nasya iri-iri ne. Akwai babba, wanda yake ɗaya daga cikin hanyoyi biyar na wanke jiki da ake yi a asibitocinsu, tare da sa amai, da wankin ciki, da ɗura magani ta dubura, da fitar da jini. Shi wannan babban sai gwani ke yin sa. Ana kwantar da mutum, a shafe masa fuska da wuya da mai, a yi masa ɗan surace, a ɗan sunkuyar da kansa baya, sannan a zuba ɗigo shida ko takwas ko goma a kowace kafa. Ba shi ne batunmu ba. Batunmu shi ne ƙaraminsa, wanda suke kira pratimarsha, mai ɗigo biyu kacal, wanda mutum ke yi wa kansa a gida, a jere da goge haƙora da kankare harshe da kurkure baki da sauran hidimomin safiya.

A nan nake so mu ɗan daɗe, domin abin da ya fi burge ni a wannan al'ada shi ne irin tsantsenin da mutanen dā suka yi a kanta. Babu kwalba mai bakin ɗigo a zamanin Vagbhata, babu sirinji, amma bai bar ma'auni a hannun son ran mutum ba. Ya ce a tsoma gaɓa biyu na yatsar manuniya a cikin mai, a ciro ta, abin da ya zubo daga yatsar shi ne ɗigo ɗaya. Ya kuma ba da wata alama da kowa zai iya ganewa: man ya kasance kaɗan ne ƙwarai, iya abin da zai jiƙa cikin hanci. Abin da ya gangaro maƙogwaro kuwa, tofar da shi ake yi, ba a haɗiyewa. Ya lissafa lokuta goma sha biyar da za a iya yin sa, ciki har da bayan tashi daga barci, bayan doguwar tafiya, bayan gajiyar aiki, bayan goge baki, da kuma faɗuwar rana. Ba wai a yi shi sau goma sha biyar a wuni ba ne. Lokutan da ya dace ne aka nuna, kowa ya ɗauki wanda ya shafe shi.

Sai kuma waɗanda aka hana. Mai sabuwar mura an ce ya dakata. Wanda murarsa ta daɗe ta ɓaci, majina na fita da wari, an hana shi ko da ƙaramin. Wanda ya sha giya an hana shi. Shi babban nasyan an hana shi ga mai ciki, da mai jego, da wanda ya ci abinci yanzun nan, da wanda ya wanke kansa, da mai tari ko haki, da yaron da bai kai shekara 7 ba, da tsohon da ya haura 80. Har yanayin sama sun duba: Charaka ya ce a yi shi ranar da gari ya washe, babu hadari. Mutanen da suka zauna suka jero irin waɗannan sharuɗɗa sun san cewa abin da ke hannunsu yana iya amfani, yana kuma iya cutarwa.

Man da ya fi suna a wannan aiki shi ne wanda ake kira Anu taila. Tushensa man riɗi ne, irin riɗin da muke nomawa a Jigawa da Nasarawa da Binuwai. Ana dafa sassaƙe da saiwoyi da ganyaye sama da ashirin, ciki har da itacen sandal da kirfa, a cikin ruwa mai yawa har ya ƙone ya ragu. Sai a raba ruwan kashi goma, a dafa man da kashi ɗaya, idan ruwan ya ƙafe a ƙara wani, haka har sau goma, a karo na goma a zuba nonon akuya. Aiki ne na kwanaki. Har yau kamfanoni irin su Arya Vaidya Sala da ke garin Kottakkal a Kerala, wanda P. S. Varier ya kafa a 1902, suna yin sa suna sayarwa a ƙananan kwalabe. Wanda ba shi da halin saye, sai ya yi amfani da zallar man riɗi, ko man kwakwa, ko soyayyen man shanu.

To me aka ce yana yi? Littafin Charaka ya yi alkawura manya. Ya ce mai yin sa a kan ƙa'ida, ganinsa da jinsa da shaƙarsa ba za su raunana ba, gashinsa ba zai zube ba, furfura ba za ta yi masa sammako ba, muryarsa za ta yi ƙarfi, kuma zai samu sauƙin sanƙarewar wuya da ciwon ɓarin kai da karkacewar baki. Jama'a, a nan ne ya kamata mu raba zancen gida biyu, domin a cikin waɗannan maganganu akwai wanda ilimin zamani ya gwada ya samu gaskiya a ciki, akwai kuma wanda har yanzu faɗa ce kawai.

Mu fara da wanda ya tabbata. Cikin hancin ɗan Adam shimfiɗe yake da wata fata mai laushi mai danshi. A kanta akwai majina siririya, a ƙarƙashin majinar kuma akwai ƙananan gashi da ido ba ya gani, waɗanda ke kaɗawa ba dare ba rana suna tura ƙura da ƙwayoyin cuta zuwa maƙogwaro, mu haɗiye ba mu sani ba, ruwan ciki ya kashe su. Idan iska ta bushe, wannan fata takan bushe ta tsage, kamar yadda dunduniya ke yin faso a hunturu. Daga nan sai ɓawo, sai ƙaiƙayi, sai toshewa, sai haɓo. Mai yana rufe wannan fata ya hana danshinta gudu. Wannan ba sihiri ba ne, kuma an gwada shi. A 2001 wasu likitocin kunne da hanci da maƙogwaro a ƙasar Suwidin suka wallafa wani bincike a kan mutum 79 masu fama da bushewar hanci a lokacin sanyi. Kowannensu ya yi mako biyu yana fesa zallar man riɗi, ya yi wani mako biyun yana fesa ruwan gishiri irin na asibiti. Man riɗin ya fi rage bushewa da ɓawo da toshewa. Don haka idan tsohuwa a wani ƙauyen Rajasthan, inda hamada take da ƙura, ta ce man riɗi yana gyara mata hanci, gaskiya ta faɗa.

Haka nan maganar cewa hanci hanya ce zuwa kai, tana da ƙamshin gaskiya. A can saman kogon hanci akwai wani siririn ƙashi mai huji-huji, ta nan jijiyoyin shaƙar ƙamshi suke ratsawa su shiga ƙwaƙwalwa. Fatar hanci kuma cike take da ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa magani ke saurin shiga jiki ta nan. A yau akwai maganin ciwon ɓarin kai da ake fesawa a hanci, akwai wanda ake fesa wa wanda ƙwaya ta bugar har numfashinsa ya tsaya, kuma a watan Janairun 2023 wani kamfanin Indiya mai suna Bharat Biotech ya ƙaddamar da riga-kafin korona da ake ɗigawa a hanci. Amma kasancewar hanya tana nan bai nuna cewa duk abin da aka ɗora a kanta zai kai inda ake so, ko kuma zai yi aikin da ake fata ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan magunguna sai da aka gwada shi a kan mutane masu yawa. Batun hana furfura da ƙara gani da warkar da karkacewar baki da ɗigon mai, ba a yi masa irin wannan gwaji ba. Ƙananan binciken da ake yi a kwalejojin Ayurveda yawanci mutane kaɗan ne a ciki, na ɗan gajeren lokaci, kuma sau da yawa babu wani rukuni na daban da za a kwatanta da shi.

Yanzu mu zo kan yadda wannan al'ada ta zama maganar siyasa da kasuwa. A watan Nuwamban 2014, gwamnatin Narendra Modi ta kafa ma'aikata sukutum don maganin gargajiya, wadda ake kira AYUSH, mai kula da Ayurveda da yoga da Unani da sauransu. Da korona ta ɓarke, a ƙarshen watan Maris na 2020, wannan ma'aikata ta fitar da shawarwari na ƙarfafa garkuwar jiki: a sha ruwan ɗumi, a sha madara da kurkur, a kuma shafa man riɗi ko man kwakwa ko man shanu a kafofin hanci safe da yamma. A ƙasan takardar sun rubuta cewa wannan ba maganin korona ba ne. Amma a ranar 14 ga Afrilu, da Firaminista Modi ya yi wa ƙasa jawabin tsawaita kulle, sai ya sa bin shawarwarin wannan ma'aikata a cikin abubuwa bakwai da ya roƙi jama'a su yi. Ƙasa mai mutum sama da biliyan ɗaya da miliyan ɗari uku, tana cikin firgici, shugabanta ya yi nuni da abu. Wa zai tsaya karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasan takarda?

A watan Yunin shekarar, kamfanin Patanjali na Baba Ramdev ya fito da wani ƙunshin magani da ya ce yana warkar da korona. A cikin ƙunshin akwai ƙwayoyi iri biyu da kwalbar Anu taila. A ranar da aka ƙaddamar da shi ma'aikatar AYUSH ta umarci kamfanin ya dakatar da tallan har sai an duba hujjojinsa, daga baya aka bar shi ya sayar a matsayin abin ƙarfafa jiki kawai. A watan Oktoba kuma ministan lafiya na lokacin, Harsh Vardhan, ya ƙaddamar da wata ƙa'ida ta kula da masu korona ta hanyar Ayurveda da yoga, da ɗigon mai a hanci a cikinta, sai Ƙungiyar Likitocin Indiya ta fito fili ta nemi ya nuna binciken da aka dogara da shi. Rigimar tallan magani ba ta mutu a nan ba. A 2024 Kotun Ƙolin Indiya, a ƙarar da wannan ƙungiya ta shigar, ta sa Ramdev da abokin aikinsa Balkrishna sun buga neman afuwa a jaridu saboda tallace-tallacen da ke yaudarar jama'a.

Don adalci, an yi wani gwaji. A 2021 masu bincike a wata cibiyar gwamnati da ke Faridabad, kusa da Delhi, sun ɗiga Anu taila a hancin wasu ƙananan dabbobi dangin ɓera kafin su sa musu ƙwayar korona, suka ga ƙwayar ta ragu a huhunsu. Wannan sakamako ne da ya cancanci a bi shi a ga inda zai kai. Amma gwajin dabba matakin farko ne, kuma magunguna da yawa da suka yi aiki a jikin ɓera sun gaza a jikin mutum. Ni a ganina, laifi ne babba a ɗauki matakin farko a sayar wa mai tsoron mutuwa a matsayin na ƙarshe.

Irin wannan ne ke faruwa duk watan Nuwamba a Delhi, lokacin da hayaƙin ƙona karan shinkafa daga jihohin Punjab da Haryana ke haɗuwa da na motoci da masana'antu ya turnuƙe birnin, har a rufe makarantu. A lokacin za ka ji ana ta ba da shawarar a shafa man shanu a hanci don tare gurɓatacciyar iska. Man zai iya riƙe manyan ƙura a bakin hanci, ya kuma rage raɗaɗin bushewa. Amma ƙurar da ke kisa ita ce mitsitsiyar nan da ta fi silin gashi ƙanƙanta sau wajen talatin, wadda ke bin numfashi ta wuce hanci ta sauka can ƙasan huhu, har ta shiga jini. Ɗigon mai ba ya tare ta. Abin da ke damuna shi ne yadda irin wannan shawara ke mayar da nauyin da ke wuyan hukuma, na tsaftace iska, zuwa kan talaka da 'yar kwalbarsa.

Masu sauraro, ga kuma ɓangaren da nake roƙon iyaye mata da kakanni su kasa kunne da kyau. Mai da aka zuba a hanci, in ya yi yawa ko mutum yana kwance, yana iya sulalewa ya wuce maƙogwaro ya faɗa bututun iska. Ruwa ko abinci idan suka bi wannan hanya, nan take mutum zai shaƙe ya yi tari ya fitar da su. Mai kuwa santsi gare shi, ba ya tayar da tari sosai, sai ya gangara shiru ya taru a ƙasan huhu. Jiki ba shi da hanya mai sauƙi ta kwashe shi daga can. Sojojin jini sukan zo su haɗiye shi, su kasa narkar da shi, su mutu, man ya sake fita, wasu su zo su haɗiye. A haka wurin ke kumbura, a ƙarshe ya zama tabo. Wannan wani nau'in ciwon huhu ne da mai ke haddasawa, kuma wani likitan ƙasar Kanada mai suna Laughlen ne ya fara bayyana shi a 1925, bayan ya gano mai a huhun wasu da suka mutu, yawancinsu yara. A wancan zamani a Turai da Amurka ana yawan ɗiga wa yara man da ake tacewa daga fetur a hanci don mura, kuma irin waɗannan rahotanni ne suka sa likitoci suka juya masa baya.

Mai ma suna da bambanci. Wanda aka samo daga fetur, dangin basilin, jiki ba ya iya narkar da shi ko kaɗan. Kitsen dabba, irin man shanu, idan ya shiga huhu yakan tsinke ya zama sinadarai masu ƙona nama, don haka kumburinsa ya fi tsanani. Man tsirrai irin na riɗi shi ne mai dama-dama, amma shi ma ba a ce babu haɗari ba. A yankin Asir da ke kudu maso yammacin Saudiyya, likitocin yara a birnin Abha sun rubuta rahotanni a shekarun 1990 a kan jarirai da aka kawo da ciwon huhun da ya ƙi jin maganin kashe ƙwayoyin cuta, da aka bincika sai aka tarar al'adar ɗura musu man shanu ta hanci ko ta baki ce sanadi. A kudancin Indiya ma likitocin yara sun daɗe suna ganin irin wannan a jariran da ake ɗiga wa mai a hanci da baki lokacin wanka.

A wannan gaɓa ba na tare da Vagbhata. Shi ya ce ƙaramin nasya ya dace da mutum tun daga haihuwa har mutuwa. Ba shi da na'urar ɗaukar hoton ƙirji, ba shi da madubin ganin abin da ke cikin huhu, don haka ba zai iya haɗa tarin da jariri ke yi bayan wata biyu da man da aka ɗiga masa ba. Mu muna da su, kuma sun nuna mana. Jariri bai iya tofarwa ba, a kwance yake, yana kuka yana jan numfashi da ƙarfi lokacin da ake ɗiga masa. Haka tsohon da haɗiya ke yi wa wuya, da wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, da mai farfaɗiya, da wanda ya sha maganin barci. Waɗannan duka a nisanta hancinsu da mai.

Me ya kawo wannan zance gidan rediyon Hausa? Abu biyu ne. Na farko, kayan Indiya sun saba da kasuwanninmu, mutanenmu na zuwa can neman magani, kuma bidiyoyin masu tallan irin wannan mai suna yawo a Facebook da TikTok da WhatsApp, wasu har an juya su zuwa Hausa. Na biyu, mu ma muna da namu. In hunturu ya kankama, hazo ya sauko, leɓe ya tsage, yara suka fara haɓo, akwai mai shafa man kaɗanya a hanci, akwai mai shafa man shanu, akwai mai cusa basilin ko man zafi. A littattafan ɗibbun Nabawi ma an san shaƙa magani ta hanci, kuma ƙusɗul hindi da ake ambata a wannan babi, wanda sunansa ma ya nuna daga inda yake zuwa, ana sayar da shi a shagunan maganin Musulunci a Kano da Zariya da Maraɗi. Tun a 1979 wani masanin magunguna a Jami'ar Legas ya wallafa ɗan ƙaramin gwaji da ya nuna man kaɗanya na rage toshewar hanci. Ke nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kuma tambayoyin da ake yi wa Indiyawa mu ma sun hau kanmu.

Ga shawarata: babba mai lafiya da hancinsa ke bushewa, in ya ga dama, ya wanke hannunsa, ya ɗan taɓa tsaftataccen man riɗi da ɗan yatsa, ya shafa a bakin kafar hanci daga ciki, yana zaune ko yana tsaye, ba dab da kwanciya barci ba. Wannan ya wadatar. Ba sai an kwanta an tuttula ba. Man da ya daɗe ya canja wari a zubar da shi. Kwalbar da mutum ɗaya ya sa a hancinsa kada ta zagaya gida. Wanda riɗi ke tayar masa da borin jini, kuma akwai su, kada ya kusance shi. Ruwan gishiri na kemis da ake ɗiga wa yara shi ne mafi aminci ga ƙanana. Mai son ya shaƙa ruwa mai yawa ya wanke can cikin hanci, kamar yadda masu yoga ke yi da 'yar butarsu, to ya tafasa ruwan ya huce tukuna, domin a 2011 mutum biyu sun mutu a jihar Louisiana ta Amurka bayan wata ƙwayar cuta da ke cikin ruwan famfo ta bi ta wancan ƙashi mai huji ta shiga ƙwaƙwalwarsu. Mai sayen haɗaɗɗen maganin Indiya kuma ya duba sunan kamfani da lambar NAFDAC. A 2004 wani bincike a birnin Boston ya auna kayan Ayurveda 70 da ake sayarwa a shaguna, aka samu dalma ko zaiba ko arsenik a cikin 14.

Abin da na fi jin tsoro a ƙasarmu shi ne sanƙarau. Mun san lokacinsa, daga tsakiyar hunturu zuwa faɗuwar damina, kuma masana sun yarda cewa busasshiyar iska da ƙura da ke raunana fatar hanci da maƙogwaro suna cikin abin da ke buɗe wa ƙwayar cutar ƙofa. Da jin haka, abu ne mai sauƙi wani ya ce to ai ga dabara, a shafa mai a hanci an tsira. Babu binciken da ya nuna haka. A 1996 sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 11,000, yawancinsu a Arewa. Abin da ya karya lagon nau'in da ya yi wancan ta'adi allura ce, wadda aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, kuma abin lura, wani kamfanin Indiya ne da ke birnin Pune ya sarrafa ta a farashin da ƙasashenmu za su iya saye. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na cutar a lokaci guda. Muna cewa riga-kafi ya fi magani, amma sai an tantance wane riga-kafin ne ke tare wace cuta. Mai yana tare bushewa. Allura ce ke tare sanƙarau.

A watan Afrilun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Indiya suka aza harsashin wata cibiya ta binciken maganin gargajiya a garin Jamnagar da ke jihar Gujarat, Indiya ta yi alkawarin zuba dala miliyan 250. Ina fatan ɗigon hanci ya kasance cikin abin da za su gwada da gaske, domin gwajinsa ba shi da wuya kuma ba shi da tsada: a ɗauki mutane dubbai, rabi su yi amfani da man riɗi, rabi da ruwan gishiri, a bi su tsawon lokacin sanyi guda, a ƙirga wa ya yi mura, wa ya yi haɓo, wa ya kwanta asibiti, a kuma duba huhunsu. Jami'o'inmu na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai su ma za su iya yin irinsa a kan man kaɗanya da man riɗi, tunda hunturun da za a gwada su a ciki yana zuwa mana duk shekara, kuma mutanen da ke shafa su suna nan birjik.

Kafin nan, uwar da ta san an taɓa ɗiga wa jaririnta mai ko man shanu a hanci, ta ga yana tari ya ƙi ƙarewa, ko numfashinsa na sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja iska, ko ya daina ƙiba, ta kai shi asibiti, kuma ta faɗa wa likita ƙarara cewa an sa masa mai, da irin man, da tsawon lokacin da aka yi ana sa masa. Kada kunya ko tsoron faɗa su sa ta ɓoye. A hoton ƙirji wannan ciwo yana kama da limoniya ko tarin fuka, kuma in likita bai ji wannan bayani ba, zai iya shafe makonni yana ba yaron maganin cutar da ba ita ke damunsa ba.